Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Akwai kalmomin da mai aikin rediyo da Hausa yakan nema ya rasa, kuma a cikinsu babu wadda ta ba ni wahala kamar sunan halittun nan da ido ba ya gani. Abin da muke da shi a baki shi ne "ƙwayoyin cuta". Da shi malaman asibiti ke magana, da shi ake fassara sanarwar hukuma, da shi ni ma na yi shekara goma ina jan kunnen mutanen ƙauyukanmu na Jazira da bakin Shuɗin Nilu. Larabcin da muka yi karatu da shi ma bai raba gardama ba, domin jarasim ake cewa, kalmar da ko yaro ka faɗa wa sai ya dubi tafin hannunsa. Illar wannan suna ita ce ya yanke hukunci tun kafin a zauna shari'a. Ya riga ya gaya wa mai sauraro cewa duk abin da ya yi ƙanƙantar da ba a ganinsa mugu ne, alhali masu sa cuta a cikinsu 'yan tsiraru ne. Sauran kuwa, ko dai ba ruwansu da mu, ko kuma da su muke ci muke sha.

Duk macen da ta taɓa yin kisra ta san haka, ko da ba ta san ta sani ba. Innata ba ta wanke tukunyar ƙullunta tas. Kullum sai ta rage ɗan tsohon ƙullu a gindin tukunya, ta zuba sabon garin dawa da ruwa a kai, ta rufe, kashegari ya tashi ya yi tsami. In maƙwabciya tata tukunyar ta mutu, sai ta aiko yarinya da ƙoƙo a sam mata ɗan tsami, kamar yadda ake zuwa ɗiban wuta. Abin da ake aikowa a ɗiba ɗin nan masu rai ne, miliyoyi, kuma su ke yin aikin. Haka kindirmo, haka daddawa, haka koko, haka hilu-mur da matan nan ke haɗawa tun watan Sha'aban saboda azumi. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartum littafi guda ya rubuta a 1993 a kan irin waɗannan abinci na Sudan. Magabata da suka ce ruwa ba ya tsami banza da wata manufa suka faɗa, amma ko a zahirin maganar sun yi daidai. To yanzu in zauna a gaban makirfo in ce wa Inna ƙwayoyin cuta ne a tukunyarta?

Na gwada "ƙwayoyin halitta", sai na tarar masu fassara sun riga sun ba wani abu daban wannan sunan. Na gwada "ƙananan halittu", wani ya bugo waya yana tambaya ko tururuwa nake nufi. Wani abokin aiki ya kawo shawarar "halittun ɓoye", muka dubi juna muka tuntsire da dariya, don mun san da mun faɗi haka, rabin masu sauraro mutanen ɓoye za su ji, su hau neman tsari. Daga ƙarshe na tsaya a kan "halittu mitsi-mitsi". Ba ta da kwarjinin ilimi, amma ba ta zargin kowa, kuma tsofaffi suna gane ta.

Bahar Maliya ce ta matsa mini neman sunan nan.

Mu Hausawan wannan yanki, in an bi salsala, wannan tekun ce ta ajiye mu a inda muke. Kakanninmu sun taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da Haɗeja da ƙasar Damagaram suna fuskantar gabas, a ƙasa ko a kan jaki, niyyarsu su kai bakin ruwa su ƙetare zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, ana yi ana yada zango a yi noma ko ƙodago a tara guzuri. Wasu kuma hijira ce ta kawo su. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai mai niyyar hajji ya samu inda zai yi ɗibar auduga ya tara kuɗin jirgi. Da yawa sun tara, sun tafi, sun dawo sun zauna. Da yawa kuma suna cikin tarawa aure ya zo, 'ya'ya suka zo, har ƙasa ta rufe musu ido ba su ga tekun ba.

Kakata ta wajen uba tana cikin waɗanda suka gani. Ta ƙetare daga Sawakin tana yarinya, a cikin sambuk, jirgin katakon nan da iska ke turawa. Abin da ta riƙe na tafiyar bai wuce uku ba: amai, ƙishirwa, da wani wuri a tsakiya inda ruwan ya yi shuɗi har ya koma baƙi, wani matuƙi ya ce musu su yi ta salati don nan ba shi da gindi. Har ta rasu a kan haka take, tsakiyar Bahar Maliya ba ta da gindi.

Ashe da gindinta, kuma abin da ke can ya fi maganar matuƙin ban al'ajabi.

Bahar Maliya tsaga ce. Ƙasar Afirka da ta Larabawa a da haɗe suke, suka fara rabuwa, kuma har gobe suna kan rabuwar, kimanin santimita ɗaya a shekara, abin da bai kai tsiron farcen mutum ba. A tsakiyar tekun akwai dogon kwari da ya bi ta daga arewa zuwa kudu, zurfinsa ya haura mita 2,000, kuma duk jirgin da ya tashi daga Sawakin ko Bur Sudan zuwa Jidda dole ya ratsa ta samansa. A gindin kwarin ɓawon ƙasa siriri ne, narkakken dutse na nan kusa. Gefe da gefe kuma ga gishiri jibge a ƙarƙashin laka, kaurinsa ya kai kilomitoci a wasu wurare, wanda ya taru tun zamanin da tekun ke ƙafewa tana sake cika, miliyoyin shekaru da suka wuce. Sai ruwan teku ya riƙa tsiyaya ta cikin tsagogi, ya narkar da gishirin nan, ya gangara kusa da dutse mai zafi ya ɗauki zafi, ya kwaso ƙarafan da ke cikin dutsen, sannan ya ɓullo. Da yake ya fi ruwan teku nauyi nesa ba kusa ba, ba ya tashi sama ya gauraya. Kwanciya yake yi a cikin ramuka, ya zama tafki a ƙarƙashin teku, da bakinsa da samansa, kamar yadda zuma ke kwanciya a gindin kofin shayi in ba a juya ba. Ramuka irin waɗannan sun haura 20 a Bahar Maliya, ba duka ke da zafi sosai ba, kuma biyu daga ciki da sunan garuruwan ƙasar nan ake kiransu, Sawakin da Bur Sudan.

Tun a 1948 wani jirgin bincike na Suwidin mai suna Albatross ya lura ruwan can ƙasa ya ɗara yadda aka zata zafi da gishiri. A 1964 jirgin Ingila Discovery ya jawo ruwa daga zurfin da ya haura mita 2,000, aka auna aka tarar digiri 44 a ma'aunin Salshiyas. Shekara na zagayowa jirgin Amurka Atlantis II ya samu wani rami kusa da wannan, mai digiri 56, ramin ya ci sunan jirgin har yau. Yana tsakiyar teku daura da Jidda, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 60, zurfinsa wajen mita 2,200. Awon da aka yi ta yi daga baya ya nuna zafin na ƙaruwa, har ya kai wajen digiri 68. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan gishiri ne, wato ya ninka na ruwan teku kusan sau bakwai. Babu haske ko ƙyas, babu iskar oksijin da muke shaƙa, nauyin ruwan da ke danne wurin kuma ya ninka na iskar da ke kanmu sau 200 da ɗoriya. Mu da in zafi ya kai digiri 45 a Madani cikin watan Mayu muke cewa duniya ta zo ƙarshe.

Ba abin mamaki ba ne da masu binciken farko suka ce babu mai rai a wurin. A 1969 wasu masana biyu na cibiyar Woods Hole ta Amurka, Stanley Watson da John Waterbury, suka fitar da rahoto, kuma tun daga kansa suka kira ruwan nan wanda ba ya ɗauke da rai. Ban ga laifinsu ba. Sun ɗebo ruwan, sun gwada dabarun da ake da su a lokacin, ba abin da ya tsiro, suka faɗi abin da suka gani. Sai a 1990 masana a Jami'ar Regensburg ta Jamus, a ɗakin binciken Karl Stetter, suka bayyana wata bakteriya da suka raya daga ruwan ramin Atlantis II, suka raɗa mata Flexistipes sinusarabici. Rabin sunan na biyu daga tsohon sunan Bahar Maliya ne da Latin. Ta fi jin daɗi a zafin digiri 45 zuwa 50, ba ta rayuwa sai da gishiri, iskar da muke shaƙa kuma ba ta so. Daga baya aka samu dabarar karanta DNA kai tsaye daga cikin ruwa ba sai an raya halittar ba, sai ga ire-ire da yawa sun bayyana, galibinsu ba a taɓa saninsu ba. Abin da ya fi burge ni shi ne inda suka fi taruwa. Can ƙuryar da ta fi zafi ba su da yawa. Cincirindonsu yana kan iyaka, inda ruwan gishirin ya haɗu da ruwan teku na sama, don a nan ne abin da ke fitowa daga ƙasa ke gamuwa da abin da ke saukowa. Duk wanda ya tashi a bakin Nilu ya san wannan. Tsakiyar kogi ba a noma, kan tudu sai an jira damina, amma jarfin nan da ruwa ke janyewa ya bari, inda mutanenmu ke shuka albasa da tumatir da kuɓewa, nan ne kowa ke rububi.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce me suke ci. Duk abincin da muka sani daga rana ya samo asali. Dawa ta sha rana, akuya ta ci kara, mu mu ci akuya. To can ƙasa da yawansu ba su jiran rana. A watan Fabrairun 1977 wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos a tekun Fasifik, masanan da ke ciki duwatsu suka je dubawa, sai suka tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kewaye da halittu cunkus, har da wasu tsutsotsi masu jan kai da kan kai tsawon mutum, ba su da baki ba su da hanji. Daga baya aka gano bakteriya ce cike a jikinsu, tana sarrafa wani sinadarin farar wuta da ke cikin ruwan, tana samar musu abinci. Wasu daga iskar haidurojin suke samun ƙarfi, wasu daga ƙarfe, wasu daga iskar mitan. Ko a Bahar Maliya akwai ramin da ake kira Kebrit, daga kalmar Larabci ta farar wuta, saboda warin ruɓaɓɓen ƙwai da ruwansa ke yi.

Abin bai tsaya a saman ƙasan teku ba, har cikin dutsen ya shiga. A gefen tudun Juan de Fuca, daura da gaɓar yammacin Amurka da Kanada, an haƙa rijiyoyi a ƙasan teku aka toshe bakinsu, aka riƙa ɗibar ruwan da ke zagayawa a cikin dutsen, mai zafin digiri 65 ko kusa da haka, kuma a 2003 aka ba da rahoton halittu mitsi-mitsi a cikinsa. A 2016 jirgin haƙa na Japan mai suna Chikyu ya huda ƙasan teku daura da Muroto har mita 1,180, inda zafi ya kai digiri 120, aka sami alamun rai har kusa da ƙarshen ramin. Zakaran gwajin dafi kuwa wata ce mai suna Methanopyrus kandleri, da aka ɗebo daga maɓuɓɓugar ruwan zafi a ƙasan tekun Indiya. A 2008 Ken Takai da abokan aikinsa a Japan suka nuna tana hayayyafa a digiri 122.

Wannan lambar ce ta jawo mini tambayar da ta fi kowace nauyi a duk shekarun da na yi ina aiki. Kafin yaƙi ina gabatar da wani shirin dare na Hausa a Madani, rabin awa, mako-mako, ana bugo waya. Na yi mako biyu ina wannan labari. A dare na biyu wani dattijo masunci ya bugo daga wani ƙauye kusa da Sinja.

"Salamu alaikum, 'yata."

"Wa alaikumus salam, Baba, barka da dare. Muna jin ka."

"Shekara nawa kina ce mana mu tafasa ruwa kafin mu sha? Mun ji, muna yi, ga gawayi da tsada, ga itace sai an yi nisa. Yau kuma da bakinki kin ce akwai abin da ke zaune lafiya, har yana haihuwa, a ruwan da ya fi tafasasshe zafi. To 'yata, tafasawar da muke yi, wa take kashewa?"

Ba gatse ya yi ba, kuma tambayar tana kan hanya. Duk wanda ya saurari shirin da hankalinsa, nan zai iso. Na ce, "Baba, kifin da kake kamawa, in ka ajiye shi a tudu fa?" Ya ce ya mutu. Na ce akuya fa, in aka jefa ta tsakiyar kogi? Ya yi dariya ya ce ita ma ba ta daɗewa. Na ce to haka su ma, kowacce da gidanta. Wadda ke haihuwa a digiri 122, in zafi ya sauka ƙasa da 80 sandarewa take yi, ba ta ci ba ta ƙaruwa. Jikin ɗan Adam digiri 37 ne, a wurinta wannan sanyi ne da ya fi na tsakiyar hunturu, ba ta da abin yi a cikinmu ko da an haɗiye ta. Mai sa kwalara kuwa ɗumin cikinmu take so, shi ya sa take kama mu, kuma shi ya sa ba ta jure wuta, tun kafin ruwa ya kai ga tafasa ta mutu. Haka masu sa zawo da taifot. Hatta tsargiyar da ta addabi yaran da ke wanka a tur'o'in Jazira, 'ya'yan tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ba su jure ruwan zafi, kai ko ajiye ruwan aka yi kwana biyu a randa mutuwa suke yi. Sannan ruwan can ƙasan teku, duk zafinsa, ba tafasa yake ba, nauyin da ke kansa ya hana shi, kamar tukunyar nan mai murfin dannewa da ke dafa wake cikin minti kaɗan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, na ji. Allah ya yi miki albarka." Na ce amin, Baba.

Kashegari wani na gaba da ni a wurin aiki ya kira ni ya ce in bar irin waɗannan labarai. Hujjarsa ita ce magana zarar bunu ce. Dattijon nan ya bugo ya ji amsa, amma mutum nawa ne suka ji rabin farko, batirin rediyonsu ya mutu, ko barci ya ɗauke su, suka tashi da cewa rediyo ta ce tafasa ruwa aikin banza ne? Tsoronsa ba na banza ba ne, ni ma na kwana da shi. Mu 'yan rediyo da ji kaɗai muke aiki, alhali an ce gani ya kori ji, ba mu da hoton da za mu nuna, ba mu da shafin da mai sauraro zai koma ya sake dubawa. Abin da na ɗauka daga maganarsa shi ne, duk lokacin da zan ambaci zafin nan, in haɗa shi da bayanin a numfashi ɗaya, kada talla ko kiɗa ya shiga tsakani.

Amma daina labarin ban yarda ba, kuma har yau ban yarda ba. Mutumin da umarni kawai aka ba shi, ranar da gawayi ya yi tsada zai ajiye umarnin. Wanda ya san dalili shi ne zai nemi kara ko kashin shanu ya hura. Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Ku duba abin da ake ware wa Hausa a gidajen rediyon ƙasar nan, in ma an ware: sanarwar rigakafi, gargaɗin annoba, kiran ƙidaya, gaisuwa da waƙa. Labarin taurari da ƙasan teku da yadda duniya take, wannan da Larabci ake yi ko Turanci, kamar dai mutumin kambo ba shi da kan da zai yi mamaki, sai dai a tsorata shi ko a yi masa kiɗa. Dattijon da ya kama ni da tambayar nan bai taɓa zama a aji ba, amma ya bi hujja daga farko har inda ta kai, abin da wasu da muka karɓi difloma tare ba su cika yi ba.

Masu tambayar ina amfanin sanin wannan ma ina da abin ba su. A shekarun 1960 wani masani Ba'amurke, Thomas Brock, ya samo wata bakteriya a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone, aka sa mata Thermus aquaticus. Ba wanda ya ga amfaninta a lokacin. Wani sinadarin jikinta da ba ya lalacewa da zafi shi ne daga baya ya zama ginshiƙin gwajin PCR, wanda duk wanda ya yi tafiya lokacin korona an zura masa tsinke a hanci saboda shi. Na kusa da gida kuma, a 2014 masana a Jami'ar Amurka da ke Alƙahira suka bayyana wani sinadari daga halittun ramin Atlantis II, mai sauya nau'in zaiba mai guba, kuma yana aikinsa cikin zafi da gishirin da ke kashe irinsa na sauran halittu. Ban ce an yi magani da shi ba. Amma ni da na san yawan samarin ƙauyukanmu da suka tafi haƙar zinariya a arewa, suna murza zaiba da tafin hannu suna ƙona ta suna shaƙar hayaƙin, ba zan ji an ambaci zaiba in wuce ba.

Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. A Disamba ya iso Madani, shirin ya tsaya, na koma ƙauye wurin Inna. A ƙarshen Yunin 2024 ya iso Sinja, muka kwashi abin da za mu iya muka yi Gadarif. Layin dattijon nan masunci tun lokacin bai sake shiga ba. A watan Agusta aka ayyana ɓarkewar kwalara, ga damina, ga mutane cunkushe a makarantu, rijiya ɗaya bayan gida ɗaya. Ba ni da gidan rediyo, sai waya. Na riƙa naɗar saƙon murya na minti biyu ina turawa ta WhatsApp, ana yaɗawa daga zaure zuwa zaure: a tafasa ruwa ko a sa masa kulorin, a wanke hannu da sabulu, wanda zawo ya kama a ba shi lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a garzaya da shi asibiti. A waɗannan saƙonni "ƙwayoyin cuta" na ce, da babbar murya, don a nan sunan ya dace da mai shi.

Daga Gadarif ne neman aiki ya kai ni Bur Sudan, na ga Bahar Maliya da idona karon farko, ina da shekara talatin da 'yan kai. A can na tarar in an ambaci Atlantis II, ba halittu ake nufi ba, dukiya ake nufi. Ruwan zafin nan da ke kwaso ƙarafa, dubban shekaru ya yi yana zubar da su a gindin ramin, har suka zama laka mai launi-launi, wadda aka ƙiyasta ta kai tan miliyan 90 in an cire ruwa da gishiri. A ciki akwai tutiya kusan tan miliyan 2, da tagulla, da azurfa tan dubbai, da zinariya tan gommai. A 1974 Sudan da Saudiyya suka sa hannu cewa duk abin da ke ƙasan tekun a inda zurfi ya wuce mita 1,000 na su biyu ne. A 1979 kamfanin Jamus Preussag ya yi gwajin zuƙo lakar da dogon bututu, ta kuma zuƙu. A 2010 aka ba da lasisin haƙa na shekara 30, a 2016 aka sake zama a Khartum aka sabunta alkawari. Har yau ba a fito da abin sayarwa ba.

Ba zan zauna a ƙasar da yara ke kwana da yunwa in ce kada a taɓa laka saboda bakteriya ba. Sai dai in an ce mini "dukiyar ƙasa" nakan tuna auduga, wadda ita ma an kira ta farar zinariya, kuma da yawa daga waɗanda suka ɗebe ta da hannunsu jikokinsu na nan a kambo, a gefen tur'a, ba hawasha ba famfo, suna sha daga ruwan da jaki ke sha. Na kuma san zuƙar laka daga gindin ramin na nufin dagula tafkin da ya yi dubban shekaru a kwance, da mayar da tarkacen cikin teku, alhali mazauna wurin ko shekara arba'in ba a yi da fara sanin sunayensu ba. In ranar ta zo, ina so a yi bayanin da Hausa ma, tun kafin a sa bututu, a buɗe layi a bar mutane su yi tambaya.

Kwanan baya wani ɗan baffana ya biyo ta wurina zai tafi Umara ta jirgin ruwan Sawakin, wanda yanzu kusan awa 12 yake yi zuwa Jidda. Na zaunar da shi na zana masa kwarin a bayan takardar tikitinsa, na nuna masa inda za su ratsa, na ce a nan ne aka ce wa Kaka ba gindi, kuma kilomita biyu a ƙarƙashin ƙafarsa akwai tafki da masu rai a ciki. Ya dubi zanen ya jinjina kai, ya ce in Allah ya sa yana farke zai leƙa. Sannan ya tambaye ni, "Yaya, dabino zan taho miki da shi ko turare?"